Yadda ake ɗaukar hoton lantarkin ƙwaƙwalwa da EEG, da inda yake gazawa

EEG gwaji ne da ke ɗaukar siginar lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai. Siginar ƙarama ce ƙwarai, daga mikrobolt 10 zuwa 100 (mikrobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt). Ƙifta ido ɗaya ya fi ta ƙarfi. Shi ya sa ingancin gwajin EEG, wanda Hans Berger ya fara yi wa mutum a 1924, yakan tabbata ne a kan fatar kai tun kafin a kunna na'ura.

Wanda za a yi wa gwajin ya zo da wankakken gashi ba mai. A ɗauko tef ɗin awo, a auna daga lotsawar karan hanci zuwa tudun ƙashin ƙeya, sannan daga gaban kunne zuwa gaban ɗaya kunnen. Inda rabin layukan biyu suka haɗu, nan ne Cz, wato wurin tsakiyar kai. Sauran wuraren ana fitar da su da kashi 10 ko 20 cikin ɗari na tsawon layin, wato tsarin 10-20: elektirod (ƙananan ƙarafan da ke ɗauko siginar) 19 a kai, biyu a kunnuwa. Kada a yi kirdado da ido. Kuskuren santimita biyu kan sa gefe ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa, likita ya ga cuta inda babu.

A raba gashin, a goge fatar da man gurzawa a hankali ba tare da ƙujewa ba, a sa manna mai ɗaukar lantarki, a danna elektirod. Turjiyar kowanne, wato yadda mahaɗarsa da fata ke tare wucewar lantarki, ta sauka ƙasa da kilo'om 5, kuma su yi kusan daidai da juna, domin bambancinsu ne ke shigo da ƙugin wutar gida na haz 50 ko 60 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa). Manna kuwa kada ta yi yawa: idan ta malala ta haɗa elektirod biyu, layinsu a allon na'ura zai kwanta shiru.

A saita matatar sigina ta na'urar daga haz 1 zuwa 70, a ɗauka aƙalla minti 20. A ce wa mutumin ya rufe ido: kaɗawar alfa, haz 8 zuwa 13, za ta bayyana a O1 da O2, elektirod biyun ƙeya, ta ragu da zarar ya buɗe. Cije haƙora na cika layukan gefen kai da ƙananan ƙaya, zufa kuma na sa layi lilo a hankali. A rubuta kowane motsi a daidai lokacinsa.

Ƙoƙon kai yana dusashe sigina, saboda haka abin da EEG ke ji muryar taron ƙwayoyin jijiya ce. Idan farfaɗiya ta ƙi jin magani ana neman tushenta, sai a shiga ciki: a shimfiɗa elektirod a kan ƙwaƙwalwa, ko a soka sirara ta ƙananan hudoji. Jin ƙwayar jijiya guda kuwa sai da jerin ƙananan allurai irin wanda ake kira Utah, masu hanyoyin ɗaukar sigina 96 a fili mai kusan milimita 4 kowane gefe. Harbin lantarkin ƙwaya bai wuce kusan milisakan ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), don haka ake ɗaukar samfuri sau 30,000 a daƙiƙa. Wannan aikin likitan tiyata ne, da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta, kuma tabon da ke taruwa a jikin alluran yana rage siginar cikin watanni.