Idan manhajar MyChart ta ƙi buɗewa

'Yan'uwa mazauna Amurka masu duba sakamakon gwajin jini ko ranar ganin likita ta manhajar MyChart da ta ƙi bari ku shiga, kafin ku ɗora wa kalmar sirri laifi, ku tabbatar kun zaɓi asibitin da ya dace. Kowane rukunin asibitoci yana da nasa asusun, kuma ba lallai ne sunan shiga na wannan ya yi aiki a wancan ba, ko da yake manhajar ɗaya ce.

Wajen sabunta kalmar sirri, a kula sosai da ranar haihuwa, domin a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, wato 5 ga Maris 03/05 ne. Na ga dattijon da wannan kaɗai ya hana shi ganin sakamakonsa har kwana biyu, yana ta juya waya a hannu, hankalinsa a tashe.

Idan lambar tantancewa da ake turo muku ta imel ko waya lokacin shiga ba ta iso ba, ku duba akwatin tarkacen saƙonni na imel, ku kuma tuna ko kun canza lambar waya ba ku sanar da asibiti ba. Don Allah kada ku yi ta gwada kalmar sirri da ka har asusun ya kulle. Gara ku kira sashen taimako na asibitin.