Yadda za ka hana zare biyu ɗaukar lambar jeri ɗaya

A nan Yamai aikina rubuta manhajar tura SMS da Java, ta hanyar SMPP, ƙa'idar da manhaja ke bi wajen miƙa saƙo ga cibiyar SMS. Kowane saƙo na fita da lambar jerinsa, daga 1 zuwa 2147483647, kuma da ita ake gane amsar wane saƙo ce ta dawo. In lambar ta ƙure, sai a koma 1. Muddin zare (thread, wato layin aiki guda cikin manhaja) ɗaya ke turawa, lafiya lau. Ranar da suka zama goma, nan ake yin ta.

Dalili kuwa, n++, wato ƙara ɗaya kan lambar, aiki uku ne a ɓoye: karantawa, ƙarawa, rubutawa. Zare biyu na iya karanta 41 tare, kowanne ya rubuta 42, saƙo biyu su fita da lamba ɗaya. Sa volatile, kalmar Java da ke sa kowane zare ya ga sabuwar lambar, ba ya maganin wannan.

Abin da na fi gani wurin ƙannenmu masu koyo shi ne su ɗauki AtomicInteger, lambar Java da ake canzawa a taki ɗaya, su kira incrementAndGet don ƙara ɗaya, sannan a layi na gaba su duba ko an wuce iyaka, su mayar da ita 1. To, tsakanin dubawar da mayarwar wani zare ya riga ya kutsa. Masu amfani da % (ragowar rabawa) su ma ba su tsira ba: int na wuce 2147483647 sai ya faɗa -2147483648, ragowar ta fito ƙasa da sifili.

Dubawa da ƙarawa dole su zama taki ɗaya. Tun Java 8, a 2014, ga yadda ake yi (IYAKA ita ce lamba mafi girma, 2147483647):

AtomicInteger lamba = new AtomicInteger(0);
int sabuwa = lamba.updateAndGet(n -> n >= IYAKA ? 1 : n + 1);

A ƙarƙashi compareAndSet ke aiki: in wani ya riga ka canza lambar, sai a sake lissafi. Saboda haka kada ka sa komai cikin bakan updateAndGet sai lissafin, don ana iya maimaita shi. In synchronized, mai barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda, ya fi maka sauƙin karantawa, yi da shi, ba laifi ba ne.

Wajen gwaji, rage IYAKA zuwa 100, ka saki zare 20, kowanne ya karɓi lamba 5000. Kowace lamba ta fito sau 1000 cif. In manhajar na gudana kan kwamfuta biyu, AtomicInteger bai san da ɗayar ba. Koma ga SEQUENCE, mai ba da lambar jeri a rumbun bayanai na PostgreSQL, mai CYCLE don ya koma farko in ya ƙure.