Yadda za ka tafiyar da guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata ba tare da ragama ta suɓuce maka ba

Shekara shida na yi ina riƙe da wata makarantar kuɗi a Tudun Wadar Zariya, da malamai ashirin da 'yan kai, da akawu, da masu gadi biyu. Ranar da aka buɗe mana guruf kowa ya yi murna, domin sanarwar da a da sai masinja ya bi aji-aji da ita, yanzu kafin ka ajiye waya ta isa ga kowa. Ba a yi wata uku ba, wani daren Lahadi mai makarantar ya rubuta da kansa cewa an ɗage jarrabawar gwaji da mako guda, ni kuwa tun Alhamis na raba jadawali. Da safe rabin malamai suka zo da takardun tambayoyi, rabi suka zo hannu rabbana. Wata malamar lissafi ta tare ni a bakin ofis, wayarta a hannu, ta ce, "Malam, don Allah maganar wa za mu bi, taka ko ta Alhaji?"

Duk wanda ya zauna aji a harabar jami'a ta Kongo da ke Zariya, inda ake koyar da sha'anin mulki tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya ji sunan Henri Fayol, injiniyan nan na Faransa da ya fitar da ƙa'idojin gudanarwa 14 a shekarar 1916. Biyu daga ciki ne suka shafe mu: kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum ɗaya, kuma magana ta bi tsani hawa-hawa. Bazazzagi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san ƙorafi daga mai unguwa yake tashi zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ya isa fada. Abin da waya ta yi shi ne ta kwantar da tsanin nan a ƙasa. Sabon malamin da ya zo jiya da mai makaranta suna zaure ɗaya, saƙonsu girma ɗaya. Akwai alheri mai yawa a cikin haka, kuma ba na goyon bayan masu cewa a rufe guruf a huta. Tsari kawai yake so.

Ka fara da raba zauren gida biyu. Ɗaya na sanarwa, wanda admin kaɗai ke iya rubutu, WhatsApp ya ba da wannan damar tun 2018. Ɗayan na zumunci: ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, barka da Juma'a, tallan atamfar matar wani. Kada ka hana wannan, shi ke riƙe mutane. Amma in ka cakuɗa su, sanarwar canjin lokacin taro za ta nutse a ƙarƙashin "amin" arba'in.

Mataki na biyu ya fi kowanne wuya, domin da na sama da kai za ka yi shi. Ku zauna ku biyu, ba a waya ba, ku amince a kan bakin da umarni zai riƙa fitowa. Ni sai da na je gidan mai makarantar bayan la'asar, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, makaranta taka ce, abin da ka ga dama shi za a yi. Roƙona ɗaya, ka faɗa mini, ni in faɗa musu." Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa tunanin saƙon nan zai raba kan malamai ba, shi a ganinsa sauƙaƙa mini ya yi. Haka yawancin masu wuri suke, ba da mugun nufi suke tsallake shugaban da suka naɗa ba, wayar ce a hannu kuma abin ya faɗo musu a rai. Amma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ranar da ma'aikata suka gane ana iya samun umarni biyu, kowa zai zaɓi wanda ya fi masa daɗi, wanda aka tsallake kuma ya zama hoto.

Wannan bai hana ma'aikata magana da juna kai tsaye ba. Shi kansa Fayol ya lura cewa in komai sai ya hau sama ya sauko, aiki zai kwana a hanya, don haka ya yarda ma'aikata biyu daga sassa dabam su haɗa gada a tsakaninsu su gama magana, muddin shugabanninsu sun yarda kuma an sanar da su abin da aka yi. Guruf gadar nan ce, an shimfiɗa wa kowa. Malamin aji uku ya tambayi akawu ko wane yaro ya biya kuɗin littafi, ba sai ta hannunka ba. Sai dai ka ja layi a fili: musayar bayani kowa da kowa, amma duk abin da ya taɓa kuɗi, jadawali, hutu ko ɗaukar alkawari da sunan ma'aikata, wannan hukunci ne, kuma yana da mai shi.

Na uku, kada ka yi wa kowa faɗa a guruf, ko da laifinsa ya fito fili. Magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi, don ana ɗaukar hotonta a tura wa dangi. Dattijon da ka ce wa "me ya hana ka zuwa jiya?" a gaban yaran da ya haifa ba zai manta ba. Ka kira shi ofis. In abin ya kai ga takardar neman bahasi, a buga ta, a sa hannu, ta shiga fayil. Yabo kuwa ka yi shi a guruf, da sunan mutum da abin da ya yi.

Na huɗu, ka sani akwai wani guruf da ba ka ciki. Ko'ina akwai shi, kuma ba sabon abu ba ne. Binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago a Amurka, daga 1924 zuwa 1932, ya nuna cewa ma'aikata suna da nasu tsarin na bayan fage, da nasu jagorori, har da nasu ma'aunin yawan aikin da ya kamata mutum ya yi a rana. A da a gindin bishiyar darbejiya ko wurin mai shayi ake wannan zaman, yanzu ya koma aljihu. Kada ka dasa ɗan leƙen asiri a ciki, ranar da aka gano shi amana ta ƙare. Abin da za ka yi shi ne ka riga ji-ta-ji-ta isa. In albashi zai makara, ka faɗa tun 25 ga wata, da dalili, da ranar da kake sa rai. Ba makarar ce ta fi cin ran ma'aikaci ba, shirun shugaba ne.

Ka kuma lura da waɗanda ba sa magana. A al'adarmu ƙarami ba ya musu da babba a bainar jama'a, mata da yawa kuma sukan karanta su yi shiru. Saboda haka in ka kawo shawara ka ga babban yatsa goma sha biyar, kada ka ɗauka an yarda. Ƙuri'ar da ake yi a cikin WhatsApp tana nuna wanda ya zaɓi me, don haka ta dace da zaɓen ranar walima, ba ta dace da tambayar ko mutane sun gamsu da sabon tsarin aiki ba. Wannan a ba kowa guntuwar takarda ya rubuta ba suna.

Na biyar, abin da aka yanke a waya a mayar da shi takarda. Max Weber, masanin Jamus da ya rasu a 1920, ya sa rubutaccen fayil cikin ginshiƙan ofis, domin ofis ya rayu bayan mai riƙe da shi ya tafi. Saƙon murya na minti bakwai ba fayil ba ne. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a cunkoson Kwangila, kuma dandalin kansa ba naka ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, Twitter kuma gwamnatin Najeriya ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mu littafi muka saya mai bango mai kauri, duk Juma'a akawu ya kwafe hukunce-hukuncen mako da kwanan wata, in sa hannu.

Sai lokaci. Faransa ta kafa doka tun Janairun 2017 da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe waya bayan tashi. Kai ma kana iya kafa taka: bayan isha'i babu saƙon aiki sai na gaggawa, gaggawa kuma kira ake yi. Ka tuna data da kuɗinsu suke saya, wuta ba kullum ba, maigadi kuma wataƙila ƙaramar waya gare shi. Duk sanarwa mai muhimmanci a manna kwafinta a allo.

Abu na ƙarshe shi ne sirri da mallaka. Sakamakon ɗalibai, takardar asibitin ma'aikaci, lambar asusun banki, jerin iyayen da ake bi bashi, waɗannan ba kayan guruf ba ne, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da ta hau kan duk mai riƙe da irinsu. Guruf ɗin da shafin Facebook na ma'aikata a buɗe su da layin ofis, ba na wani malami ba, a sa admin aƙalla biyu. Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, a yi masa sallama da addu'a a zauren zumunci, in yana so ya ci gaba da zama a can. Daga na sanarwa kuwa a cire shi a ranar da ya miƙa makullai, in yana da hannu a shafin Facebook a canja lambar sirri kafin a tashi.