Yadda Za Ka Gane Ko Cajin Gaggawa Na Motar Lantarki Ya Ci Kuɗinsa

Wanda ya tsaya a tashar cajin gaggawa lokaci yake saya, wutar kuwa ta biyo baya. Abin da mota za ta sha a gida cikin dare kana barci, shi ake ɗura mata a nan cikin rabin awa, kuma a ƙasashe da yawa kuɗin ya ninka na gida sau biyu ko fiye. Tsadar ba ta rasa dalili ba. Mai tasha ya sayi na'urar da ke juya wutar AC, irin ta layin kamfanin wuta, zuwa DC, irin wadda batir ke sha, ya kafa taransifoma, ya ja manyan wayoyi, sannan a wurare da dama kamfanin wuta na karɓar ƙarin kuɗi gwargwadon ƙarfin da tashar ta ja a lokaci guda, ko da motoci biyu kacal suka leƙo a yini.

Mataki na farko, ka raba kW da kWh. Ɗauki kW kamar faɗin bakin famfo, kWh kuma yawan ruwan da ya shiga bokiti. Na'urar gida takan ba da kW 7 zuwa 11, tashoshin gaggawa kuwa akwai na 50, na 150, har na 350.

Na biyu, ka san iyakar cikin motarka. Motar da ba ta karɓar fiye da kW 100, ko ka jona ta a na'urar 350, ɗarin nan za ta sha, alhali wasu tashoshin sun fi tsawwala kuɗi a kan manyan na'urori. Ka duba kan fulogi tun kafin ka kama hanya: akwai CCS, akwai CHAdeMO, akwai NACS da Tesla ya ƙirƙiro, akwai GB/T na ƙasar Sin.

Na uku, ka karanta yadda ake lissafi. Wasu na sayarwa da kWh, wasu da minti. Ni a ganina na kWh ya fi adalci, don lissafin minti mai mota mara saurin sha yake cuta. Ka lura da kuɗin jonawa, da tarar barin mota a jone bayan ta gama, wadda takan ƙirga minti-minti kana can kana hira. Rajistar wata-wata tana rage farashi, amma sai ga mai yawan zuwa.

Na huɗu, ɗauko biro. A ce batirinka kWh 60 ne, ka iso da kashi 10, za ka tashi da kashi 80: ka sayi kusan kWh 42 ke nan. Idan motar tana cin kWh 18 a kilomita 100, wannan zai kai ka kilomita 230 da ɗoriya. Ninka farashin kWh ɗaya sau 18, ka sami kuɗin kilomita 100. Yi haka da farashin wutar gida, ka kuma yi da kuɗin litocin da motar fetur za ta sha a kilomita 100 ɗin. Ratar da ke tsakanin kuɗin tasha da na gida ita ce kuɗin lokacinka. Ga direban tasi ko mai doguwar tafiya, kwalliya takan biya kuɗin sabulu. Ga wanda motarsa ke kwana kusa da soket, sau da yawa gaggawar banza ce.

Na biyar shi ne inda mutane suka fi tafka asara: kada ka nace sai ka cika. Batirin litiyam yana sha da sauri in yana da yunwa, da ya doshi kashi 80 sai motar da kanta ta rage ja don ta kare shi daga zafi da lalacewa. Kashi 20 na ƙarshe kan ci lokaci kusan daidai da duk abin da ya gabata. In da minti ake lissafi, kana biyan kuɗin gudu ana tafiyar hawainiya da kai, ga mutane a layi suna hararar ka. Gara ka tsaya sau biyu gajeru da ka tsaya sau ɗaya mai tsawo.

Na ƙarshe, batir mai sanyi ba ya sha da sauri. Motoci da yawa suna ɗumama shi da kansu in ka sa tashar a taswirar motar, don haka ka sa ta tun kana da sauran tafiya, ba sai ka hango allon tashar ba.