Amosanin gaɓɓai da tukunyarku a Ingila

Idan kun sauka Ingila da amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu da wuyan hannu, mutum ya tashi da safe gaɓɓansa a sandare fiye da rabin awa, kada ku ɗora wa sanyin ƙasar laifin duka. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana afka wa gaɓɓai, kuma mata sun fi maza kamuwa. Ku fara yin rajista da likitan unguwa, wanda a nan ake ce wa GP, shi zai tura ku wurin likitan gaɓɓai. Abinci ba ya warkar da wannan ciwo, amma yana iya taimakawa wajen rage masa ƙarfi, kuma wannan ɓangaren a hannunku yake.

Ku fara da kifi. Sukumbiyar nan da muka saba soyawa a gida, ita ce mackerel a shagunansu, tana cike da man omega-3 mai rage kumburi. Haka sardin na gwangwani da kifin salmon. NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasar, na ba da shawarar cin kifi sau 2 a mako, ɗaya ya zama mai maiƙo, kimanin giram 140. Ku gasa shi ko ku jefa a miya maimakon ku nutsar da shi cikin mai. Man zaitun ya fi dacewa da girkin yau da kullum, a rage man ja da man shanu. Wake, alayyafo, kuɓewa, kuka da gero duk ana samunsu a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya a Landan da Manchesta, don haka ba sai kun bar tuwo ba. Malmalar ce za a rage, miyar ganye ta fi yawa a kwano.

Abin da ya fi damuna da sababbin zuwa shi ne ƙiba. Aikin dare, ga soyayyen kaza da dankali a kowace kusurwa da araha, ga lemon kwalba. Kafin shekara ta zagayo gwiwa ta ɗauki kayan da ba ta saba da shi ba, kitsen kuma shi kansa yana rura kumburi. Sigari ma yana tsananta ciwon, yana rage aikin magani.

Sai rana. Daga Oktoba zuwa Maris haskenta a nan bai kai ya sa fata ta samar da bitamin D ba. NHS ta ce a sha ƙwayar bitamin D ta maikirogiram 10 kullum a waɗannan watanni, mu masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa mu duba yiwuwar shan ta duk shekara. Wanda aka ɗora a kan maganin rage kumburi na prednisolone ya ƙara da madara da yogot, domin maganin na raunana ƙashi.

Idan an ba ku methotrexate, maganin da ke rage ƙarfin wannan ciwo, sau ɗaya ake sha a mako, da bitamin folic acid a wata rana daban. Don Allah kada ku haɗa shi da Septrin ɗin da kuka ƙunso daga gida, haɗin na da haɗari sosai ga jini. Duk wani jiƙo ko garin magani da aka aiko muku, ku nuna wa mai ba da magani a kemis kafin ku sha. Ibuprofen kuma ba a shansa da cikin wofi, shi ya sa ya kamata ku zauna da likita tun kafin azumi ku tsara lokutan sahur da buɗa-baki.