Darasi na 9: Yadda za ka hana karenka cin kashi

Kafin mu shiga karatun yau ku dubi kalmomin nan biyu da kyau, kashi da ƙashi. Lanƙwasar nan da ke kan ƙ ita ce ta raba su. Kare ya ci ƙashi ba wanda zai yi magana, amma kare ya ci kashi, to nan ne mai kare ke shiga damuwa, kuma a kansa za mu yi magana.

Duk mai kiwon kare ya san abin nan, kana tsaye sai ka ga ya juya ya bi abin da ya zubar, ko na wani kare, ko na akuya ko na mage, ya lashe tas, sannan ya taho yana kaɗa wutsiya zai lashi hannun yaro. Abin akwai ƙyama sosai. Amma karenka bai haukace ba, kuma ba wai shi kaɗai ne ba. Wani likitan dabbobi mai suna Benjamin Hart a jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka ya yi bincike a kai, aka buga a 2018, ya gano kusan kare 16 cikin 100 sun mai da cin kashi ɗabi'a, kuma sun fi son sabo wanda bai wuce kwana 2 ba.

Me ke jawo shi? Tun daga uwa abin ke farawa. Karya in ta haihu ita ke lasar 'yan kwikwiyonta don su yi fitsari da kashi, ta cinye ta share musu makwanci, haka take yi har wajen sati 3. Wannan ba matsala ba ce, kar ka hana ta. Su ma 'yan kwikwiyo komai suka gani sai sun kai baki, yawancinsu suna bari in sun girma. Sai kuma yunwa, karen da ba ya ƙoshi ko ana ba shi abinci sau ɗaya a rana ba isasshe ba dole ya nemi abin cika ciki. Akwai wanda aka ɗaure wuni guda a ɗan ƙaramin waje, nan yake ci nan yake kwana nan yake kashi, ba wasa ba yawo, to me kake so ya yi? Wannan ɗin shi ya fi ba ni tausayi, don laifin ba nasa ba ne.

Akwai kuma na ciwo. In babban kare ne da can ba ya yi, kwatsam ya fara, ga shi yana ci amma yana ramewa, ko yana zawo, ko shan ruwa ya yi yawa, kar ka tsaya wata dabara, ka kai shi wajen likitan dabbobi. Tsutsar ciki na iya jawo haka, ciwon suga ma haka, ko kuma cikinsa ne ba ya narkar da abinci yadda ya kamata.

To yanzu maganin, kuma don Allah a nan ku natsu. Maganin da ya fi kowane aiki shi ne shebur. Kare na yin kashi ka kwashe nan take, ka binne ko ka ƙulle a leda ka jefa shara, abin da bai gani ba ai ba zai ci ba. Kare yakan ji kashi jim kaɗan bayan ya ci abinci, don haka ka tsayar masa da lokacin ci, safe da yamma, yana gamawa ka sa masa igiya ka fita da shi, ka tsaya a wajen har ya yi, yana gamawa ka kira sunansa ya zo ka ba shi ɗan guntun abin da yake so ka shafa kansa. Kullum haka, kullum haka, har ya gane cewa daɗin yana wajenka ne ba a bayansa ba. Ka koya masa kalma ɗaya tak, misali "bari", duk gida a riƙa faɗin ita ɗin, kar wannan ya ce bari wancan ya ce kai wancan ya ce tafi, ruɗa shi za ku yi. Abin na ɗaukar makonni, wani karen ma watanni, sai an yi haƙuri. In ya fi ƙarfinka a kan hanya ka sa masa takunkumi irin mai kama da kwando wanda zai iya haki a ciki.

Duka fa? Ni dai ban yarda da shi ba ko kaɗan. Karen da ake duka ko ake dangwara masa hanci cikin kashinsa abin da yake koya shi ne tsoronka, sai ya riƙa ɓuya yana yi, wani ma ya yi sauri ya haɗiye kafin ka iso. Su kuma ƙwayoyi da hodar da ake sayarwa wai a zuba a abinci don kashin ya yi ɗaci, a binciken nan na Hart waɗanda suka ce ya yi musu aiki ba su wuce 2 cikin 100 ba.

Kar a manta da lafiyar mutanen gida. Ƙwan tsutsa na cikin kashin kare, in ya yi makonni a ƙasa yana iya kama yaron da ke wasan ƙasa yana sa hannu a baki. Ka ba babban kare maganin tsutsa duk bayan wata 3 ko yadda likita ya tsara maka, kar a bar shi yana lasar fuska, fo ɗin yara a zubar a rufe masai, in ka gama kwashewa ka wanke hannu da sabulu.

Aikin gida: ka rubuta jimla ɗaya da kashi, ɗaya da ƙashi. Sannan har kwana 7 ka riƙa rubuta ƙarfe nawa karenka ya ci abinci da ƙarfe nawa ya yi kashi, ka zo da takardar aji mu duba tare.