Yadda Ake Gyaran Wucin Gadi Idan Kan Kebul Ɗin Intanet Ya Lalace

Mafi yawan kebul ɗin da ake kawo mini a ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, kansa ne kawai ya samu matsala, kuma ko a cikin kawunan ma ba kowanne ne ya cancanci a yanke shi ba. Ina nufin kebul ɗin nan da ke haɗa kwamfuta da rauta (na'urar da ke raba intanet), ko kyamarar tsaro da na'urar da ke adana hotunanta, ko eriyar da ke saman rufi da cikin gida, wanda kansa na roba ne garai-garai mai haƙoran ƙarfe 8, masu sana'a kuma suna kiransa RJ45. A nan Kano abubuwa uku ne suka fi kashe shi: zafin rana da ke busar da robar har ta riƙa karyewa kamar ƙashin kifi, ƙurar hunturu da ke cika tsakanin haƙoran, da kuma ɓerayen silin. Sai na huɗu, wato mai gidan da kansa, wanda ke fizgo kebul daga jikin kwamfuta ba tare da ya danna ɗan harshen da ke riƙe da shi ba.

Kafin ka taɓa komai, ka bincika ko kebul ɗin yana ɗauke da wuta. Na kyamarori da na eriyar saman rufi sukan ɗauki intanet da lantarki a lokaci guda, tsarin da ake kira PoE, wasu bolt 24, wasu kuma wajen 48. Ba wutar da za ta kayar da mutum ba ce, amma idan reza ta haɗa wayoyi biyu alhali adaftar da ke ba kebul ɗin wuta tana kunne, za ka iya ƙona adaftar ko na'urar, gyaran da bai kai kuɗin adaidaita sahu ba ya koma sayen sabon kaya. Ka zare kebul ɗin daga ɓangarorin biyu tukuna.

Daga nan sai ka kai kan wurin haske ka dube shi da kyau, domin abin da ka gani shi zai faɗa maka irin gyaran. Idan haƙoran sun yi duhu ko sun yi kore, datti ne ko tsatsar ruwa, kuma tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit sun isa, sai a bar shi ya bushe kafin a mayar. Wannan ya fi faruwa bayan damina ga kebul ɗin da ya sauko daga rufi, saboda ruwa yana bin jikinsa har cikin ramin na'ura. Maganinsa shi ne a bar wa kebul ɗin ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga bango, yadda ruwan zai ɗiga a waje.

Idan kuwa ɗan harshen roba ne ya karye, to kada ka yanke kan, ko da wani ya ce maka babu makawa. Harshen nan babu ruwansa da tafiyar saƙo, aikinsa kawai ya hana kan zamewa daga rami, don haka duk abin da zai riƙe kan a wurinsa ya biya buƙata. Idan harshen bai ɓalle ba, kwantawa kawai ya yi ya daina yin ƙas ɗin nan idan an tura shi, sai a naɗa robar ɗaure kuɗi a ƙarƙashinsa sau biyu ko uku ta ɗaga shi. Idan ya ɓalle gaba ɗaya, a tura kan har ƙurya, a cusa guntun tsinken sakace ko na ashana a ɗan gurbin da harshen yake zama, a karye ragowar ya saura kaɗan yadda za a iya kama shi a zare. Tsinken ta ɓangaren harshe yake shiga, ba ta ɓangaren haƙora ba. Na sha ganin wanda ya cusa ta ɗaya gefen ya lanƙwasa siraran wayoyin da ke cikin ramin kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma wannan ba gyaran gida ba ne, sai an je Beirut Road ko Farm Centre an kwance allon kwamfutar. Ni dai na fi son in ƙara da baƙin salatif na masu wayarin, in manna kebul ɗin a jikin tebur da 'yar tazara, domin nauyinsa ya daina jan kan. Gam mai ƙarfi kuwa kada ya kusanci wurin.

Sai idan robar kan ta tsage, ko wani haƙori ya fita, ko kuma ka ga fitilar ramin tana kawowa tana ɗaukewa duk lokacin da ka motsa kebul ɗin daga wuyansa, sannan ne yanka ya wajaba. Sabon kai ba shi da tsada, ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta da na kyamarorin tsaro, har da wasu masu kayan lantarki a France Road cikin Sabon Gari. Ka sayi aƙalla biyar ko da guda ɗaya kake buƙata, domin duk kan da aka danne sau ɗaya ya gama aiki, kuma ban taɓa ganin sabon shiga da ya dace a karon farko ba. Ka karanta rubutun jikin kebul ɗinka ka faɗa wa mai shago ko Cat5e ne ko Cat6, saboda wayoyin Cat6 sun fi kauri, sukan ƙi shiga kan da ba nasu ba.

Ka yanke tsohon kan da ɗan guntun kebul a jikinsa, kuma kada ka jefar da shi, ka ajiye shi a gabanka domin shi ne zai nuna maka jerin launukan da aka bi tun farko. Ka zagaya reza a hankali a jikin rigar kebul ɗin, kimanin santimita 3 daga baki, ba tare da ka nutsa ta ba, sannan ka lanƙwasa wurin rigar ta tsage da kanta. Za ka tarar da wayoyi 8 an murɗe su biyu-biyu. Idan akwai 'yar roba mai siffar gicciye a tsakiyarsu, ka datse ta daga tushe. Ka duba ko rezar ta ciji wata waya, idan ta ciza ka sake yankewa, musamman idan kebul ɗin irin mai arahar nan ne da cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wanda da ka kankare shi za ka ga fari, kuma yana karyewa da lanƙwasa biyu ko uku.

A wurin jera launuka ne na taɓa shan kunya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Shekarun baya wani mai shagon buga takardu da cike fom a Kabuga ya kira ni, ɓera ya cinye masa kebul mai tsawon wajen mita 40 da ya ratsa ta silin zuwa ɗakin baya. Na sa sababbin kawuna a ɓangarorin biyu, kuma da yake a tunanina muddin jerin ya zama iri ɗaya a can da nan shi ke nan, sai na jera kowace waya kusa da abokiyar murɗinta: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. Na sa tasta, wato na'urar gwada kebul, fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, na karɓi kuɗina na tafi. Washegari da hantsi sai ga kira, wai shafi yana buɗewa rabi ya tsaya, ga mutane sun yi layi. Na canza rauta, na zargi kamfanin intanet, na zargi kwamfutar, sai bayan la'asar wani dattijo da ya daɗe a aikin ya karɓi kan ya ɗaga shi sama, ya ce, "Malam, ai ka haɗa kore da ɗan'uwansa a inda ya kamata a raba su."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne murɗin nan ba ado ba ne, shi ne yake kare saƙo daga hayaniyar lantarki da ta sauran wayoyin, kuma kowane saƙo a kan waya biyu masu murɗi ɗaya yake tafiya. Na'ura tana amfani da haƙori na 1 da na 2 a matsayin hanya ɗaya, na 3 da na 6 a matsayin hanya ta biyu, na 4 da na 5, sannan na 7 da na 8. Wato dole wayar da ke kan na 3 da wadda ke kan na 6 su zama 'yan murɗi ɗaya, su tsallake shuɗayen da ke tsakiya. A jerin da na yi, na 3 kore ne, na 6 kuma daga shuɗi ya fito, don haka wuta tana wucewa, ƙaramar tasta tana cewa lafiya, amma saƙo yana lalacewa a hanya. A kebul mai mita ɗaya ko biyu wani lokaci ba za ka lura ba, a mai tsawo kuwa nan take zai tona maka asiri.

Jerin da aka fi bi shi ne wanda ake kira T568B, daga ƙa'idar da aka fara fitarwa a Amurka a 1991. Ka riƙe kan bakinsa yana kallon sama, haƙoran suna kallonka, harshen yana ta baya, sannan daga hagu zuwa dama ka sa fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Akwai ɗaya jerin, T568A, wanda kore da ruwan lemo suke musayar wuri, kuma shi ma daidai ne, amma idan kai ɗaya kake gyarawa to abin da ke ɗaya ɓangaren za ka bi, shi ya sa na ce a ajiye tsohon kan. Da yawa sun haddace jerin sarai amma sai su riƙe kan harshen yana kallonsu, komai ya juye, na 1 ya koma na 8.

Bayan ka warware murɗin, ka miƙar da kowace waya tsakanin babban yatsa da manuni har su kwanta a jere kamar haƙoran mataji, ka danne su sosai, ka datse bakinsu a lokaci guda da almakashi mai kaifi, ya saura kimanin milimita 13 daga bakin riga. Kada ka feɗe robar jikin kowace waya, haƙorin ne zai huda ta da kansa. Ka tura su cikin kan ba tare da ka saki yatsunka ba, har sai ka hango jan bakin dukkan takwas ɗin sun taɓa bangon gaba, rigar kebul ɗin kuma ta shige ciki. Ka sake karanta launukan ta cikin robar kafin ka danne, domin fari mai ratsin kore da fari mai ratsin shuɗi suna son musayar wuri a lokacin turawa, kuma da daddare a hasken tocilan waya kusan kamarsu ɗaya.

Wanda yake da filayar danne kai, sai ya matsa sau ɗaya da ƙarfi ya gama. Wanda ba shi da ita, ya kwantar da kan a bakin katako yadda harshen zai rataya a gefe kada ya karye, ya samu ƙaramar sukudireba mai faɗin baki siriri, ya danna haƙoran ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya nutse ƙasa da saman robar, dukkansu a zurfi ɗaya. Haƙorin da ya rage a sama zai iya lanƙwasa wayar cikin rami, don haka a shafa da farce a tabbatar. A ƙarshe a danna 'yar robar da ke bayan kan ta cije rigar. Filaya ta yau da kullum ba ta yin wannan aiki, fasa kan kawai take yi.

Idan a tsakiya ɓera ya ci kebul ɗin, abin da ya fi shi ne a sa kai a kowane ɓangare a haɗa su da ɗan mahaɗin nan mai rami biyu. Idan dare ya yi babu shi, a feɗe wayoyin, a murɗa kowane launi da irinsa, a sassaɓa wuraren haɗin kada su taru a guri ɗaya, a naɗe kowanne da salatif daban, a kuma bar murɗin asali ya matso kusa da haɗin gwargwadon iko. Zai kai ka kwana biyu, amma sau da yawa gudun zai sauka daga gigabit 1 zuwa megabit 100, saboda gigabit yana buƙatar wayoyin takwas duka su kasance lafiya, megabit 100 kuwa na 1, 2, 3 da 6 kawai yake amfani da su. Ga intanet ɗin gida wannan ma ya wadatar, amma ban yarda a yi wa kebul mai ɗauke da wutar kyamara irin wannan haɗi a bar shi cikin silin ba.

Gwaji ba ya buƙatar kayan aiki. Ka mayar da kebul ɗin, ka ga fitilar ramin rauta ta kama ta tsaya, ka kashe Wi-Fi na kwamfutar domin kada ya yaudare ka, ka buɗe bidiyo, sannan ka girgiza kebul ɗin daga wuyan kan. Idan fitilar ta ƙifta ta mutu, akwai haƙorin da bai huda wayarsa ba, a sake danna shi, in ya ƙi a yanke a ɗauko kai na biyu. Idan kuma kebul ɗin gajere ne, na tsakanin tebur da rauta, ka ɗaura masa guntun salatif a matsayin alama, ranar da ka shiga kasuwa ka sayi sabo haɗaɗɗe daga kamfani mai rigar roba a kan harshensa, ka cire mai tsinken.